Amsa ga mai tambayar gyaran banɗaki saboda tsohuwa da ɗan rarrafe

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce surukarki za ta dawo gidanku da zama, tana fama da ciwon gwiwa, ga ɗanki ya fara rarrafe, shi ne kike tambaya ko sai an fasa banɗakin an sake shi. Allah ya ba ki ladan riƙo. Na daɗe ina jinyar mahaifiyata a gidana ga yara ƙanana, kuma a ganina kafin ku kira birkila, ki fara da bokiti.

Rashin ruwan famfo ya sa kowa na tara ruwa a banɗaki. Shi kuwa yaro mai rarrafe kansa ke rinjayar jikinsa. Idan ya dafa bakin bokitin fenti ya leƙa, sai ya kifa ciki, ba zai iya ɗagowa ba, kuma ba kuka ba ihu. Kina tsakar gida kina tankaɗe ba za ki ji komai ba. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ma ya isa ya rufe masa hanci da baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda suka fi mutuwa ta hanyar nutsewa. Don haka da an gama wanka ko wanki a zubar da ruwan a kife bokitin. Na ajiya kuma a zuba a jarka ko durom mai murfi. Idan kina masa wanka aka yi sallama, ki naɗe shi a tawul ki fita da shi. Kada ki ce yayarsa 'yar shekara biyar ta duba miki shi, ita ma mai buƙatar a duba ta ce.

Sai ruwan zafi, musamman da hunturu. Ki fara zuba na sanyi a baho, sannan ki surka da na zafi, ki gwada da gwiwar hannunki. Masu zuba tafasasshe su tafi ɗebo na sanyi, a wannan ɗan tsakanin yara ke ƙonewa. Idan hitar tsomawa a bokiti kuke amfani da ita, a zare ta daga soket kafin hannu ya taɓa ruwan. In tsautsayi ya gifta aka ƙone, a riƙa kwarara ruwan sanyi a wurin har minti 20, sannan a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. Kaskon gawayi kuma kada ya shiga banɗaki a rufe ƙofa da sunan ɗumama wa tsohuwa wuri, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana sumar da mutum har ta kashe.

Ta ɓangaren Hajiya, abin da na lura shi ne ba a lokacin wanka tsofaffi suka fi faɗuwa ba. Alwalar asuba ce. Ta tashi cikin duhu, ba wuta, barci bai sake ta ba, ta zo wanke ƙafa ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen tayil. Idan tana shan maganin hawan jini, tashi da sauri ma kan kawo jiri, don haka ta ɗan zauna a bakin gado tukuna. Ki ajiye mata kujerar roba mai ƙarfi wadda ba ta zamewa, ta yi alwala da wanka a zaune, buta da sabulu kusa da hannunta. Kujera 'yar tsugunno ta yi ƙasa da yawa ga mai ciwon gwiwa, zama ba wuya, tashin ne aiki. Fitila mai caji ta kwana a kunne a hanyar banɗakin.

Kuɗin da ya cancanci maigida ya kashe ba shi da yawa. Mai walda ya yi ƙarfen dafawa a kafa shi sosai a bango, ɗaya kusa da masai, ɗaya wajen wanka. Ƙarfen rataye tawul ba zai ɗauki nauyin mutum ba, kada ta saba kama shi. Idan masan na tsugunno ne, shagunan kayan asibiti suna sayar da kujerar bahaya da ake ɗorawa a kai. Tayil mai sheƙi in ba halin canza shi, a shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa. Daɓen siminti kuma a riƙa dirje gansakuka da buroshi. Ki duba silifas ɗinta ma, in ƙasansa ya suɗe a sauya.

Akwai maganar sakata, wadda mutane ba sa kawowa a rai. Iyayenmu akwai kunya, balle a gidan ɗa, gaban suruka. Za ta danna sakata, in ta faɗi kuma ta gwammace ta yi ta fama ita kaɗai da ta kira ki. A cire ta ciki, a sa irin makullin da ake iya buɗewa ta waje, a ƙara wata sakatar ta waje can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kuma ɗanta ne ya kamata ya yi mata wannan bayanin, ba ke ba, ta fi karɓa daga bakinsa.

Idan Allah ya ƙaddara ta faɗi ta kasa tashi, kika ga ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta juya waje, alamar karayar ƙugu ce. Kada a cicciɓe ta a tsayar, kada a fara da mai ɗori. A kai ta asibiti a ɗauki hoto, in a Kano kuke ga asibitin ƙashi na Dala.

Kayan wanke banɗaki su koma saman kanta, kada a juye Izal a gorar lemo. Kuma ki ja wa mai taya ki aiki kunne kada ta haɗa Hypo da Harpic wai don ya fi fita, haɗin yana tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi. In kuna da masan waje na rami, a yi masa murfi mai nauyi wanda yaro ba zai iya turewa ba.