Amsa: Yaya jami'ar ODTÜ ta Ankara take?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jami'ar fasaha ta Gabas ta Tsakiya (ODTÜ a taƙaice) da ke Ankara, babban birnin Turkiyya, ta cancanci ka nema, da yadda ɗalibai ke rayuwa a can.

An kafa ta a 1956, ta koma harabarta ta yanzu a farkon shekarun 1960. Wurin fili ne fetal a lokacin, malamai da ɗalibai suka dinga dasa itatuwa har ya zama daji, aikin da ya ci kyautar Aga Khan, lambar yabo ta duniya a fannin gine-gine, a 1995. Ta nan ne intanet ta fara shiga Turkiyya a 1993.

Da Turanci ake koyarwa. Wanda Turancinsa bai kai ba sai ya yi shekarar share fage tukuna, kuma karatun ba wasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kowa "hocam" yake kiran kowa, wato malamina, har direban bas. Ɗalibanta kuwa ba su da sanyi a siyasa: a Janairun 1969 suka ƙona motar jakadan Amurka a harabar. Ka tanadi rigar sanyi mai kauri, hunturun Ankara har da ƙanƙara.