Ɗana, ga amsar maganar motar hannu

Saƙonka ya same ni ina hanyar dawowa daga aiki, na saurare shi har sau biyu. Ka ce da zarar ka sauka Buffalo ka yi rajistar makaranta za ka ciri wani abu cikin guzurin da babanka ya haɗa maka ka sayi motar hannu, wai abokanka sun tabbatar maka a Amurka ba a asara, idan mota ta kawo matsala dillali ne zai gyara, ko ya dawo maka da kuɗinka. Kai ne na huɗu da ya yi mini wannan tambaya a bana, kuma duk da murna kuke yin ta. Ni kuwa da na ji ta sai gabana ya faɗi, don na san abin da na sha.

Abokanka ba su yi ƙarya ba, rabin magana suka ba ka. Dokar tana nan, masu ƙasar suna ce mata lemon law, don a bakinsu kwarababbiyar mota lemon tsami ce. Amma kowace jiha da tata, kuma a yawancin jihohi sabuwar mota kawai take karewa. Ka yi sa'a jihar Niyok, inda Buffalo take, na cikin 'yan kaɗan da suka yi wa motar hannu tata dokar. Sai dai sharuɗɗanta a ƙirge suke. Dole a wurin dillali ka saya, kuɗin motar ya kai dala 1,500, kuma tafiyarta ba ta wuce mil 100,000 ba. Idan tafiyar ba ta haura mil 36,000 ba, garantin kwana 90 ne ko mil 4,000. Daga nan zuwa ƙasa da 80,000, kwana 60 ko mil 3,000. Daga 80,000 zuwa 100,000, kwana 30 kacal ko mil 1,000, duk wanda ya riga cika. Kuɗin ɗalibi kuwa a wannan rukuni na ƙarshe yake tsayawa, in ma ya kai. Motar da ka gani a Facebook wani ya fito da ita daga ƙofar gidansa, wannan ba ruwan dokar da ita, kai da Allahnka.

Tawa motar da na saya tana da mil 87,000 da 'yan kai, na biya dala 6,800, kuɗin da na yi wata goma sha ɗaya ina tarawa. Abin da har gobe yake ci mini rai, wanda ya sayar mini da ita a filin dillalin ɗan gida ne. Da Hausa muka yi ciniki, masallaci ɗaya muke Juma'a a nan yankin Bronx na birnin Niyok. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, wannan ko ƙanena zan ba shi ita ido rufe." Da na ce zan kai wa bakanike ya duba, sai ya ɓata fuska, ya ce ashe ban yarda da shi ba. Kunya ta kama ni, na sa hannu.

Ranar kwana na 19, da asuba, a kan babbar hanyar Cross Bronx, na taka totur injin ya yi ta ruri motar ba ta gaba. Giya ta ƙi shiga. Tireloli suna wuce ni suna danna hon, ni kuma na lallaɓa gefe hannuna na rawa a kan sitiyari, ina kallon jar fitila a gabana. Janwe ne ya kai ni gida. Na kira mutumin, ya ce, "Subhanallahi, kada ka damu, gareji a cike yake, kawo ta mako mai zuwa." Mako ya zagayo ya ce bakaniken ya yi tafiya. Ni ina ɗauka haƙuri nake yi da ɗan'uwa, ashe shi kwana yake ƙirgawa, yana jira 30 ta cika.

Wata abokiyar aikina ce, dattijuwa 'yar Jamaika, ta tsare ni lokacin hutun rana ta ce, ka rubuta masa? Na ce mun yi magana a waya. Ta ce maganar waya iska ce. Allah ya taimake ni, ranar da abin ya faru na tura masa gajeren saƙo da hoton motar a bayan janwe, kwanan wata na jiki. A kwana na 26 na je gidan waya na aika wa kamfanin wasiƙa irin wadda sai mai karɓa ya sa hannu, na rubuta lambar motar, da mil ɗin da ke kan mita, da abin da ya lalace. Wannan ita ce gaɓar da dokar ta rataya a kanta: ka sanar da dillali kafin garanti ya ƙare. In ka yi haka, gyara ya hau kansa ko da kwanakin sun cika daga baya.

Ka lura da wannan sosai, don a nan 'yan'uwanmu suke faɗuwa. Doka ta ce dillali ya gyara, ko ya biya ka kuɗin gyara daidai misali, amma zaɓin nasa ne. Idan ka yi zuciya ka kai wa bakanikenka kafin ka ba shi dama, ka zo da rasit kana neman kuɗi, zai ce ai da ka kawo da na gyara kyauta, kuma alƙali zai saurare shi. Sannan ba komai ba ne a ciki. Injin, giyabos, burki, sitiyari, lagireto, kik, da abin da ke cajin batir, waɗannan suna ciki. Shi batir ɗin kansa, da taya, da na'urar sanyaya mota, naka ne. In ya gwada gyaran abu ɗaya sau uku bai yi ba, ko motar ta yi kwana 15 a ajiye saboda gyara cikin garanti, sai ka nemi kuɗinka ka mayar masa da kayarsa. Ofishin Babban Lauyan Jiha yana da tsarin sasanci na wannan, ba sai ka ɗauki lauya ba.

Ni nawa ƙin gyaran ya yi ƙiri-ƙiri. Mai wurin ya amsa mini a rubuce cewa yadda na gan ta haka na saye ta, wai ni na kashe giyar. A Niyok wannan magana ba ta cin dillali, don ko bai ba ka takardar garanti ba, doka ta ɗauka ya bayar, kuma ko ka sa hannu cewa ka yafe, yafiyar ba ta da amfani. Sai bayan wannan amsa tasa na kai gyara, dala 1,900. Na sa bakaniken ya rubuta komai dalla-dalla, kaya nawa, aiki nawa, ya buga hatimin an biya, ya kuma rubuta cewa man giyar ya daɗe da ƙonewa tun kafin motar ta shigo hannuna.

Na shigar da ƙara a kotun ƙananan ƙararraki da ke titin Grand Concourse. Dala 20 na biya. A cikin birnin Niyok wannan kotu tana sauraron abin da bai wuce dala 10,000 ba, a can Buffalo iyakar ta fi haka ƙasa, kuma in Turancinka bai zauna ba suna kawo tafinta kyauta. Kafin ranar zama, dattawa biyu daga masallaci suka same ni a gida, wai a bar maganar, bai kamata Musulmi ya kai ɗan'uwansa gaban Nasara ba. Na ce musu ba shi na kai ba, kamfanin na kai, kuma wata goma sha ɗaya na yi ina tashi ƙarfe huɗu na asuba. Babu wanda ya je ya ce masa ya ji tsoron Allah, ni aka zo wa. Wannan ya fi lalacewar giyar yi mini ciwo. Ranar shari'a na tsaya ni kaɗai da 'yar jakar takarduna, na jera su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. Hukunci ya zo ta gidan waya, an ba ni kuɗin gyarana. Karɓo su ma sai da na yi ta zirga-zirga, don kotu hukunci take yankewa, ba ta bin maka bashi. Kwanakin aikin da na rasa kuwa babu mai biya. Amma ina alfahari da wannan takarda, tana nan cikin akwatin da fasfona yake.

Kai kuma ga naka. Na ji ka ambaci Uber a ƙarshen saƙon. Cire wannan daga ranka. Bizar ɗalibi ba ta yarda da shi ba, aikin cikin makaranta aka yarje maka, awa 20 a mako lokacin karatu. Ko da ma an yarje, dillali yana da ikon zare garanti daga motar da ake ɗaukar fasinja da ita don kuɗi. Inshorar sabon direba mai shekarunka ma za ta iya cinye abin da kake ci a wata. Kuma Buffalo garin ƙanƙara ne, gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarƙashin mota, sai ka ga fenti yana ƙyalli a sama, ƙasa ta ruɓe da tsatsa.

Shawarata, ka yi zangon karatu ɗaya da bas tukuna. In kuma ka dage, to kafin ka miƙa ko sisi, ka ɗauki hoton takardar da doka ta tilasta wa dillali ya manna a gilashin mota, da hoton mita, da lambar nan mai harafi da adadi 17 da ke gindin gilashin gaba, ka turo mini in binciki tarihinta, ko ta taɓa haɗari ko ambaliya. Bakaniken da zai duba ta kai za ka zaɓa, ni zan biya. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata rigar sanyinka tana wurina, kada ta sayi ko ɗaya a Kantin Kwari.