Amsa ga 'yar tsohon sojan da ba ya iya barci

Salamu alaikum. 'Yata tun jiya na ga tambayarki, kin ce babanki tunda ya ajiye kaki ba ya son magana, cikin dare sai ya zabura yana gumi, abu kaɗan ya hau faɗa, har kina tambaya ko kewar yaƙi yake yi. Na daɗe riƙe da waya kafin na iya rubutu, don wallahi kamar labarina kike bayarwa.

Na shiga soja a 1989, a Depot na Zariya muka yi kurtu, na yi shekara 22 na fita ina saje. An kai mu Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, daga baya Saliyo, kuma ina Freetown ranar 6 ga Janairun 1999 da 'yan tawayen RUF suka shigo gari. Abin da har yau ya ƙi barin idona ba ruwan harsashi ba ne. Wata mata ce da aka sare wa hannu biyu, ta zo shingenmu tana neman ruwa, na miƙa mata gorata sai na ga ba ta da abin karɓa, ni na riƙe mata a baki tana sha tana kallona. Ga yara kuma, yaro bai fi shekara 12 ba bindigar ta kusa tsawonsa an ɗirka masa ƙwaya yana tunkaro ka, kai ma ka baro kamarsa a gida, to ki gaya min ya mutum zai dawo daidai?

Don haka babanki ba kewar yaƙi yake ba, yaƙin ne bai sake shi ba. Ni na fi shekara biyar ba na zama sai bayana na jikin bango ina kallon ƙofa, tayar mota ta fashe sai dai in tsinci kaina a ƙasa. Likitoci suna ce masa PTSD, ciwo ne kuma ana maganinsa, ba hauka ba ne ba kuma ragwanci ba.

Shi yasa raina ke ɓaci idan na ga samari a Facebook suna kiran a yi yaƙi kawai. Saliyo sai da aka zauna teburi a Lome, babban birnin Togo, a Yulin 1999, duk da haka wutar ba ta mutu ba sai 2002, kuma abokan da muka binne ba wanda ya dawo.

Maganar tallafi kuwa, duk 15 ga Janairu ana fareti a ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, ina jin daɗin hakan har zuciyata, amma fure ba ya sayen magani. Na taɓa tsayawa layin tantancewar fansho tun asuba, dattijon da ke gabana ƙafa ɗaya gare shi yana dogara sanda rungume da fayil, har la'asar ba a kira shi ba. Matan abokanmu da suka rasu su ma haka suke yawo da takardu ga marayu.

Abin da zan ce ki yi, kar ku tashe shi daga barci da taɓawa, ku kira sunansa daga nesa. Kar ki matsa masa da tambaya, amma ranar da ya fara labari ki ajiye komai ki saurara ko da maimaici ne. Ki nemo masa waɗanda suka yi aiki tare, ko ta reshen Nigerian Legion (ƙungiyar tsofaffin sojoji) na kusa da ku, ni abin da ya fara buɗe min baki kenan, zama da wanda ba sai na yi masa bayani ba. Sannan a lallaɓa shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa, in ya ƙi jin naku ku sa abokin nasa ya raka shi. Idan kuma kika ji yana cewa ya gaji da duniya, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Ki gaida min shi, ki ce wani tsohon saje na ECOMOG yana tambayar bataliyar da ya yi.