Kada ka sayar da tumakinka don masara ta yi tsada

Yaro, ka ce tunda masara ta yi tsada bana, ko ka sayar da tumakinka ka ƙara gona, baɗi ka zuba kuɗin duka a masara. Kada ka soma. Farashin nan da ya ɗauke maka hankali, kowa ya gan shi. Damina na faɗuwa duk mai fartanya zai shuka masara, kaka na yi kasuwa ta cika ta batse, mai saye ya riƙa yi maka yanga. Abin da aka guje wa shukawa shi zai yi tsada. Haka take juyawa tun ba a haife ka ba.

Kuma tunkiya wata 5 take yi da ciki, saniya wata 9. Wanda ya rabu da iyayen garkensa a yini ɗaya, shekaru zai yi yana tara su. Shekarar da hatsi ya faɗi kuwa, a nan dusa take araha, a nan mai kiwo yake samun nasa. Lissafin iri da taki da ƙwadago ba zan zauna koya maka ba, wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'a. Ku yaran yanzu sai ku duba farashi a waya ku ce kun san kasuwa, alhali ba ku taɓa tsayawa gaban sikeli ana cin guminku kuna kallo ba.

Tambayar nan taka ta fama mini mikin 2022. A watan Fabrairu yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke. Rasha na cikin manyan masu fitar da takin zamani a duniya, yuriya kuma da iskar gas ake yin ta, gas ɗin ya yi tashin gwauron zabi. Yukren na cikin manyan masu fitar da masara da alkama. A watan Maris ma'aunin farashin abinci na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Taki ya gagari mutane da yawa, ni dai na cije na saya, na yi noma irin wanda ake tsayawa a bakin hanya a kalla.

Sai ga wani mai gidan kaji, mutumin da na daɗe ina hulɗa da shi. Ka san kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kaji a abinci yake tafiya, to tsoro ya kama shi. Masara na tsaye a gona ya zo yana roƙo in sayar masa da ita duka. Ya taya, na sallama, ya ba da kafin alƙalami ɗan kaɗan, sauran sai an kai kaya. Wasu sun zo bayansa da tayi mai kyau, na ce ciniki ya riga ya faɗa, ni ba na magana biyu.

Na shanya masarar nan har sai da in ka ciji ƙwaya ta fashe ƙaras a haƙori. Na'ura ta nuna danshinta kashi 13 cikin 100, daidai ajiya. Aka auna a gabansa, aka ɗinke buhuna, aka loda, ya tafi. Kafin ya biya sabon hatsi ya shigo kasuwa, farashi ya sauka. Nan fa ya daina ɗaukar waya. Da na taka na same shi, sai ya sa yaronsa ya jawo wani buhu daga lungun sito, ya farke, masara ta yi fumfuna ta dunƙule, wai tawa ce. Na duba bakin buhun, zaren ɗinkin ma ba irin nawa ba ne! Na nuna masa, ya kawar da kai ya ce shi dai kajinsa sun mutu. Ya zaftare kashi ɗaya cikin uku, sauran ya riƙa ba ni tsilla-tsilla har kuɗin suka tashi a banza. Da farashin ya hau, ka ɗauka zai ƙara mini ko sisi? Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don ba rashin kuɗi ne ya sa shi ba, yana da shi.

Abin da ya sayi takin shekara ta gaba shanun da na turke ne. Da na sayar da su na zuba a masara kamar yadda kake so ka yi, da gonar ma ta kwana ba shuka.

Ka bar tumakin nan. In ƙarin gona kake so, fitar da ragunan da suka ƙoshi, matan su zauna. Taki ka saye shi tun da rani, kafin kowa ya tashi nema. Ka raba gonar, masara gefe, waken soya gefe. Buhu kuma kada ya hau mota sai kuɗinsa na hannunka, ko da mai sayen ni ne.