Amsar Kawu kan malam-buɗe-littafi da damina

Wa alaikumus salam ɗana, ya karatu? Na ga saƙonka, wai da gaske ne mutanen da in sun ga malam-buɗe-littafi ya yi yawa sai su ce damina za ta yi kyau, kuma me ya sa bana ba ka ganinsu sosai.

To ai ba shi ake dubawa ba. Shamuwa ake jira, in ta iso ta fara kwasar kirare tana sheƙa a bishiyar tsakar gari to manomi ya kama sharar gona ya duba irinsa, shi ya sa ma ba a barin yaro ya harbe ta, ka kuskura ka sha bulala. Shi malam-buɗe-littafi bayan ruwa yake bi. Sai ƙasa ta jiƙa ganye ya fito tukuna, don kafin ya yi fiffike tsutsa ce, kuma kowace da ganyen da take ci. Fararen nan masu ɗan rawaya a tafasa suke saka ƙwai. Jan nan mai ɗigon fari a bakin fiffike tumfafiya ce abincin tsutsarsa, ɗacinta ya bi jikinsa tsuntsu ba ya son shi, kuma tunda tumfafiya ba ruwanta da rani shi kam ko da hunturu kakan gan shi jefi-jefi.

Yanzu in ruwa ya sauka a Yuni tafasa ta tsiro sai kuma ya ɗauke sati biyu uku, ganye ya yanƙwane tsutsa ta mutu, to daga ina za su fito? Marka ma ba ta yi musu daɗi, kwana da kwanaki ba rana sai su lafe ƙarƙashin ganye, sai jikinsu ya ɗumama suke iya tashi. Lokacinsu na gaske bayan marka ne, Satumba zuwa kaka. Ka je bakin tafki da hantsi inda shanu suka sha ruwa, za ka same su cunkus a kan laka da kashin shanu suna tsotsar gishiri, sai ka zo dab da su za su watse.

Amma fa kar a ɗora wa ruwan sama komai. Maganin ciyawan nan da ake fesawa ba ya barin ko tafasa a bakin gona, ku kuma unguwarku duk siminti ne. Ka gaida mamanka, ka ce mata geronmu ya fara fitar da kai.