Me ya hana ɗan wasan Wigan zama gwarzon 2024?

Kana tambaya yadda Wigan Warriors, ƙungiyar wasan rugby league ta Ingila, ta kwashe kofuna huɗu a 2024, amma kyautar Man of Steel, wato ta gwarzon ɗan wasan shekara, ta tafi wajen Mikey Lewis na Hull KR. Ba a yi wa Wigan rashin adalci ba, ɗan'uwa. Wannan kyauta ba ta bin kofi. A 2024, tsofaffin 'yan wasa ne ke raba wa waɗanda suka fi taka rawa maki uku, biyu da ɗaya bayan kowane wasan gasar Super League, kuma ana sanar da gwarzon tun kafin a buga wasan ƙarshe na gasar a filin Old Trafford. Bevan French na Wigan, wanda ya ci ta a 2023, ya yi makonni yana jinyar rauni a tsakiyar kakar, wanda bai shiga fili ba kuwa ba shi da maki.

Amma French bai tashi hannu rabbana ba. Shi aka ba Lance Todd Trophy, kyautar gwarzon wasan ƙarshe, a filin Wembley ranar da suka doke Warrington 18-8 a kofin Challenge Cup, shi ne kuma na farko da ya karɓi Rob Burrow Award, kyautar gwarzon wasan ƙarshe na Super League, da suka ci Hull KR 9-2. Na kalli wasan nan, har yanzu ina ganin yadda ya yi kamar zai miƙa ƙwallon, ya ratsa masu tsaro ya dire ta bayan layi ya ci maki, kuma babu wanda ya sake yin haka har aka tashi. A ganina waɗannan biyun sun fi nauyi, domin a ranar da kofi ke ajiye a bakin fili ake cin su.