Ganyen takarda ga ɗan shekara 4

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Kin ce kuna Ingila, malamar nazare ta ce yaronki ɗan shekara 4 ya kawo aikin ninke takarda na lokacin zubar ganyaye, wato Satumba zuwa Nuwamba, kin rasa ta ina za ki fara.

Ki fara da ganye, shi ne mafi sauƙi. Ki samo takarda ja, ruwan goro ko ruwan ɗorawa, ki yanka ta mai kusurwa uku, sai ki nuna masa yadda zai riƙa ninkewa gaba da baya kamar mafici tun daga gefe mai tsawon, in ya kai ƙarshe ku lanƙwasa ta tsakiya ku manna da gam, shi ke nan ganye ya fito har da jijiyoyinsa. Nawa yaron ranar da ya buɗe nasa tsalle ya dinga yi wallahi.

Kar ki ba shi kwali, yatsunsa ba za su iya ba, kuma don Allah ko ya karkace ki bar masa abinsa, kar ki karɓe ki gyara. Almakashi ke za ki riƙe. Minti 10 zuwa 15 ya ishe shi.

In kuma kin lura kullum riƙe takarda ko fensir na ba shi wahala fiye da sa'anninsa, ki yi wa malamarsa da likitan yara magana.